Sharhi Kan Muhawarar Gandun Daji A Ƙasar Gumel

A cikin wannan takarda muna so mu duba muhawarar da aka daɗe ana yi game da dazuzzukan ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Masu muhawarar sun kasu biyu. Malaman daji suna cewa a killace gandu a dasa itatuwa don tare hamada, masu neman ƙasar noma kuwa suna cewa jama'a ta yawaita, a yanka dajin a raba. A ganinmu duka ɓangarorin sun taru a kan kuskure guda, shi ne ɗaukar daji tamkar fili wanda ba mai shi.

Wannan kuskure ya samo asali tun zamanin Turawa. Dokar daji ta 1937 ta ba En'e ikon keɓe gandu, sai manomi ya wayi gari yana neman izni kafin ya taɓa itacen da ya gada. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa ta gini ce da amfanin gona. To, ina rabon Bafillacen da ke bin burtali zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis? Ina na matar da ke tsintar itacen girki, ko mai ɗiban ƙaro? Ba su da abin da za a auna a biya, don haka ba a lissafa su. Ko da aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2016 da 2017 kan hekta 12,000 da gwamnatin Jigawa ta ware don noman rake a yankin Gagarawa da maƙwabtanta, muryar masu gonaki aka fi ji, su ma da kyar.

Sa'an nan sai batun dashe. Tun bayan farin 1972 zuwa 1974 ake jera darbejiya da turare a arewacin tsohuwar Jihar Kano don kare iska, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Ba mu musa amfanin waɗannan layuka ba. Wanda ya taɓa shan iskar bazara a can ya san darajar inuwa. Abin da muke suka shi ne ma'aunin. Ana ƙidaya dashen da aka rarraba da damina, alhali abin ƙidaya shi ne wanda ya tsallake rani uku da bakin akuya. Itacen gwamnati kuwa, kowa ya sani, maraya ne.

Lalle ya kamata mu leƙa ƙetaren iyaka. Daga Maigatari zuwa ƙasar Magarya babu nisa, ruwan sama da jigawar duk kusan iri ɗaya ne. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun koma barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe, tun wajen 1983, har masu bincike suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo a Nijar da kimanin hekta miliyan 5. Yawancinsa a Damagaram gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ciyar da dabba da rani. Abin da ya sake a can shi ne manomi ya sakankance itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba.

Amma fa kada a ɗauka wannan ya warware kome. Itacen gona yana kare mai gona ne kurum, makiyayi mai wucewa yana nan yadda yake. Saboda haka muke ba da shawara, kafin a yanka wani gandu a ƙasar Gumel, a zauna da dagatai da arɗo-arɗo a rubuta wa ke kiwo a ciki, wa ke itace, da kuma inda burtali ya ratsa.