Jinjina ga Masu Ɗinke Shamakin Ƙirjin Jarirai

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya a jikin ɗan Adam akwai wani shamaki na tsoka wanda ya raba ƙirji da ciki, kuma da motsinsa ne numfashi yake shiga yake fita. To, akan haifi jariri, kamar ɗaya cikin dubu uku, da ɓula a wannan shamaki, galibi ta hagu, sai hanji ya haura ƙirji ya danne huhu tun yaron bai zo duniya ba.

A da sai an tsaga cikin yaro. Yanzu kuwa, inda kayan aiki suka samu, likitan tiyata yakan yi haƙuri har numfashin jaririn ya daidaita, sa'an nan ya huda ƙofofi uku waɗanda ba su wuce milimita 5 ba, ya zura madubi mai fitila, ya mai da hanji mazauninsa a hankali, ya ɗinke ɓular yana duban allo. In kuwa ta yi faɗi, ko jaririn ya yi rauni, ya koma ga tsagawa ba da wata gardama ba, wanda a ganina nan ne ilminsa ya fi bayyana. Haƙiƙa waɗannan bayin Allah sun cancanci yabo da addu'a.

Jama'ar Ƙonni da Malbaza da Illela, ga asibitin Galmi kusa da ku tun 1950. In jariri ya zo yana haki, leɓɓansa sun yi shuɗi, cikinsa ya lotsa, ku gaggauta kai shi, domin likita ne zai san inda ya kamata a tura shi.