Alkawarin da Ke Cikin Sunan Umarni

A harshen rubuta manhaja na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, akwai wani umarni mai suna atoi. Aikinsa ya karɓi rubutu irin "45" ya mayar da shi lambar da za a yi lissafi da ita. Gajeren suna irin wannan ya dace da zamaninsa, domin ƙa'idar C ta 1989 haruffa shida na farko kaɗai ta lamunce za a bambanta a sunayen da ake kira daga waje. Sai dai in aka miƙa wa atoi kalmar "kaza", sifili zai dawo da shi, ko tari ba zai yi ba. Babu abin da ya nuna haka a sunan.

Juya bayanai daga wata siffa zuwa wata aikin kullum ne ga masu rubuta manhaja, kuma tambayoyin da ke ransu ba sa canzawa: kwafi za a yi ko asalin za a taɓa? Zai ci lokaci da ƙwaƙwalwar kwamfuta? A hankali aka ɗora wa ƴan haruffan farkon suna nauyin amsawa.

Joshua Bloch ya rubuta al'adar harshen Java a littafinsa Effective Java na 2001: sunan da ya fara da to yana ba da abu a wata siffa dabam, wanda ya fara da as kuwa yana nuna abin nan dai ta wata fuska. A ɗauki jerin garuruwa uku, a ba Arrays.asList. In aka canza na farko a sabon jerin, na asalin ma ya canza, don abu guda ne. In aka nemi ƙara na huɗu, manhajar ta tsaya da kuskure, tunda girman asalin a ƙayyade yake. Sababbin shiga da yawa sun sha tuntuɓe a nan, alhali haruffa biyun sun riga sun yi musu gargaɗi. Harshen Kotlin ya gaji wannan rabo, yana da asList yana da toList.

Harshen Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015, shi ya kai al'adar maƙura. Jagororinsa sun raba juyi gida uku. Mai as_ kyauta ne, aron kallo kawai: as_bytes yana nuna rubutu a ɗanyar siffarsa ba tare da kwafin komai ba. Mai to_ yana da tsada: to_lowercase sai ya bi harafi ɗaya bayan ɗaya ya gina sabon rubutu, asalin na nan. Mai into_ kuwa cinye asalin yake yi, kamar wanda ya kai gero injin niƙa: gari zai karɓa, geron ba zai dawo ba. Wanda ya kira into_bytes sannan ya sake neman tsohon rubutun, manhajarsa ba za ta ma haɗu ba. Har akwai Clippy, mai duba rubutun Rust, da ke tsawatarwa in suna ya saɓa da yadda umarnin ke karɓar abin da zai juya.

A harshen Python lamarin ya fi sako-sako. NumPy, ɗaya daga kayan aikinsa, yana da asarray, wanda ba ya kwafi in ba dole, daidai da al'ada. Amma a gefensa ga astype, mai kwafi kai tsaye sai an hana shi. Pandas, wani kayan aikin, ya yi wa as_matrix ritaya, ya kawo to_numpy a 2019, shi kuma wani lokaci ya yi kwafi, wani lokaci ya miƙa asalin. Ga mai aiki da layi ɗari ba komai ba ne. Ga mai tebur mai layi miliyoyi, kwafin da bai zata ba na iya cika ƙwaƙwalwar kwamfutarsa.

Gyara suna bayan ya bazu kuwa jan aiki ne, domin dubban manhajoji sun dogara da shi. Shi ya sa atoi ke nan daram a ƙa'idar C, duk da an daɗe ana shawartar mutane su koma strtol mai nuna inda karatu ya tsaya. A wannan fage tsarin Rust ya fi na sauran, saboda bai bar alkawarin suna a hannun ladabin marubuci kaɗai ba, ya sa masa mai bincike.