Ojuju: Dodon Yana Cikin Rijiya

Matasanmu na nan Agege sun daɗe da kamuwa da finafinan zombi, wato gawarwakin da ke tashi suna bin mutane da cizo. In ka zauna a teburin mai shayi da dare, musun da za ka ji shi ne: ranar da duniya ta rikice haka, adda za ka ɗauka ko bindiga? Mu kuwa da muka sake kallon Ojuju, fim ɗin da C.J. Obasi ya fitar a 2014, sai muka ga ai tambayar ma ba ita ce ba. Tambayar ita ce, me za ka sha, me za ka ci?

Labarin a wata cunkusasshiyar unguwar talakawa ta Legas yake, irin wadda duk muka sani. Ruwan da unguwar kaf ta dogara da shi ne ya gurɓace, mutane suka sha, suka fara rikiɗa. Gabriel Afolayan ya fito a matsayin Romero, saurayin da ke neman hanyar tsira shi da abokansa. Kuɗin da aka kashe ba su da yawa, kuma ana gani, amma fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim na Najeriya a bikin finafinai na AFRIFF a shekarar.

Abin da ya burge mu shi ne inda Obasi ya ajiye tsoron. A shirin Amurka na The Walking Dead, wanda aka yi daga 2010 zuwa 2022, ruwa baƙo ne mai leƙowa jefi-jefi. A zango na biyu an nuna zombi ya faɗa rijiyar wata gona, garin jawo shi ya tsinke biyu ya ɓata ruwan. To sai me? Gonar tana da wasu rijiyoyin, labari ya ci gaba. A Ojuju babu wata rijiyar. Mu da muke sayen ruwa jarka-jarka daga kurar ’yan uwanmu masu ga-ruwa, mu da muka ga kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024, wallahi wannan tsoron namu ne, ba na aro ba.

Amma fa fim ɗin yana da nasa laifin. Ya gano ciwo, bai tsaya a kansa ba. Da gudu ya fara, shi ke nan hankalin labarin ya koma kan tsere da ihu. Mun so a ce an zauna da gida ɗaya da ya kulle ƙofa, a nuna mana uwa tana auna sauran ruwan randa da moɗa, tana lissafin wa za a ba, wa zai haƙura. Wannan ya fi kowane jini tayar da hankali. Batun abinci kuwa, fim ɗin bai ba shi muhimmancin da ya kamata ba.

Kada a ce wasa muke. A 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi amfani da labarin zombi don jawo hankalin mutane su yi tanadin ko-ta-kwana. Ma’auninta galan ɗaya na ruwa ga kowane mutum a rana, kusan lita 4 ke nan. Mu yi lissafi da gidanmu: mutum 8, kwana 3, lita 96. Jarka 4 ke nan masu cin lita 25, ba a ma zo ga wanka da wanki ba. Gida nawa ne a layinmu ke kwana da jarka 4 cike?

A ɓangaren abinci, jaruman Amurka gwangwani suke wawura a kantuna. Mu iyayenmu fatake sun riga su sanin guzuri: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, soyayyiyar gyaɗa, duk ba sa neman wuta. Gero, wake, kuka da busasshiyar kuɓewa suna daɗewa, sai dai suna cin ruwa da gawayi, don haka a lissafa da su. Ruwan da ba a yarda da shi ba, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. A ajiye gishiri da sukari saboda mai gudawa.

Ba mu manta kullen korona da aka fara ranar 30 ga Maris 2020 ba, lokacin da mai samu kullum ya ci kullum ya rasa inda zai sa kansa. Ba zombi ko ɗaya a titi, amma tukwane sun kwana a kife.

Shawararmu, manya su kalli Ojuju, ban da yara, don akwai jini da kalaman da ba su dace da su ba. In an gama, kafin a koma musun adda da bindiga, kowa ya leƙa randarsa.