Marimbondo da Zanzaro: Gyara Kan Hanyar Neman Asalin Kalma

Akwai wata ɗabi'a da ta fara yawa a rubuce-rubucen ɗalibanmu. Da zarar kalmar Hausa ta yi kama da ta Turai, sai a yanke hukunci cewa aro ce. Misalin da ya fi saurin ruɗar mutum shi ne zanzaro, ƙwaron nan mai ginin laka a bangon ɗaki, wanda ake haɗawa da zanzara ta Italiyanci, a ce fataken Tarabulus ne suka kawo ta Damagaram.

Kafin mu duba wannan, bari mu ga yadda aro na gaskiya yake barin sawu. A Fotugis na Barazil ana kiran rina marimbondo. Kalmar daga Kimbundu take, harshen Angola, inda aka kwashi bayi masu ɗimbin yawa zuwa Barazil. A can ma- ɗafa-goshi ne na jam'i, tilon kuwa rimbondo. Masu Fotugis ba su san da haka ba, sai suka ɗauki jam'in a matsayin tilo, suka sake yi masa nasu jam'in, marimbondos. Haka Hausa ta haɗiye al- na Larabci a alƙalami da alkama. Sauti ya dace, ma'ana ta dace, tarihi ya nuna hanya, ga kuma gaɓar ma- da nahawun Fotugis ba ya iya bayyanawa. Ko Hausawan da suka shirya tawaye a Bahiya a 1807 ba za su sa a jingina kalmar ga Hausa ba, domin ƙirarta ta Bantu ce.

Zanzaro fa? Kama da wane ba wane ba ne. Zanzara sauro ce, ba mai gini ba, kuma asalinta kwaikwayon ƙarar fiffike ne, abin da kowane harshe ke iya yi da kansa. Italiya ba ta kama Tarabulus ba sai 1911, shekara 12 bayan Faransa ta shiga Zinder, lokacin da fataucin Sahara ya riga ya ja baya. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne ƙirar kalmar: ninkin gaɓar farko irin na kyankyaso, kwarkwata da kwarkwasa, dukkansu sunayen ƙwari. Manomin Droum da ke cewa yaro ya yi zanzaro, wato ya cusa riga cikin wando har ƙugunsa ya tsuke, da kalmar gida yake wasa.

In har ana zargin aro a sunayen ƙwarin Damagaram, Barbarci da Buzanci ya kamata a fara bincika, domin su ne maƙwabta.