Jinjina ga Masu Hoton Situdiyo

Ana cewa wayar hannu ta kashe kasuwar mai hoto, amma wanda ya kama rana a situdiyo ya san ba kuɗin danna maɓalli yake biya ba, ladan ido ne. Mai hoto zai karkato fitila gefen fuska, ya ce a ɗan sunkuyar da haɓa, ya gyara karin hula, ya yi ta jan mutum da hira har kafaɗunsa su saki. Da irin wannan haƙuri Seydou Keïta ya yi suna a Bamako, inda ya buɗe shagonsa a 1948.

Wasu na ganin gyaran hoto yaudara ce, kuma suna da hujja idan aka goge fata ta koma kamar roba, ko aka haskaka baƙi har danginsa su kasa gane shi. Sai dai wannan aikin ɗan koyo ne. Gyara ya girmi Photoshop da ya fito a 1990, don a da da fensir ake yi a jikin fim. Gwani yana cire ƙurjin da ya fito jiya, ya rage ƙyallin gumi a goshi, amma ba ya taɓa tsagar gado da ke kumatu.