Rubutun Dutse da Labarin Baka a Tarihin Haikalin Tekun Kudu na Ƙasar Sin

Masu rubutu a kan haikalin Nanhai, wanda yake gabas da birnin Guangzhou a kusa da bakin Kogin Lu'ulu'u, sukan kira shi haikalin fatake da matuƙa jiragen ruwa. Manufar wannan sharhi ita ce nuna cewa wannan ra'ayi ya cakuɗa tushe biyu na tarihi, wato rubutun fada da labarin baka, alhali kuwa ba magana ɗaya suke yi ba.

Da farko dai, ba fatake ne suka gina haikalin ba. Sarki Wen na daular Sui ne ya ba da umarnin gina shi a shekarar 594, domin hukuma ta riƙa gabatar da hadaya ga abin bautar Tekun Kudu. A 751 Sarki Xuanzong na daular Tang ya naɗa wa wannan abin bauta sarauta, a 1370 kuma sarkin farko na daular Ming ya tuɓe masa ita. Wanda ake naɗawa a kuma tuɓe, ai a ƙarƙashin fada yake.

Allunan dutsen da ke harabar haikalin su ma haka suke nunawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne mai ɗauke da rubutun marubucin nan Han Yu, na shekarar 820. Idan aka yi masa karatun tsanaki, za a ga jigonsa yabo ne ga gwamna Kong Kui, wanda ya halarci hadaya da kansa, saɓanin magabatansa da sukan fake da rashin lafiya su tura wakili. Ke nan darasin aikin sarauta ne aka sassaƙa a dutse.

Muryar talakawa kuwa a labarin Daxi Sikong take. An ce baƙo ne daga Indiya, ya dasa itatuwa biyu masu manyan 'ya'ya da ake kira boluo, ya shagala har jirginsu ya tashi ya bar shi. Mutum-mutuminsa yana nan da baƙar fata, ya sa hannu a goshi yana hangen teku. Kuskure ne a ɗauki wannan labari a matsayin tabbataccen tarihi, amma watsi da shi ya fi zama kuskure, domin daga gare shi jama'a suke danganta sunan da suke kiran haikalin da bikinsa na watan biyu na kalandarsu, wato Boluo.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa fada ce ta gina haikalin ta kuma rubuta tarihinsa, amma sunan da ya zauna a bakin mutanen yankin na baƙon da jirgi ya bari ne. Manazarcin da ya tsaya ga dutse kaɗai rabin labarin ya samu.