Baba Kirsimeti a Matsayin Ɗan Ƙwadago: Tarken Littafin Raymond Briggs

Gabatarwa

Littafin yara mai hotuna wani nau'in adabi ne da zane ke ɗaukar rabin nauyin labari, wani lokaci ma fiye da haka. Wannan maƙala za ta yi nazarin ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai da suka shafi bikin Kirsimeti, wato Father Christmas na Raymond Briggs (1934-2022), wanda aka buga a Ingila a shekarar 1973, ya kuma ci lambar yabo ta Kate Greenaway saboda ingancin zanensa.

Jigo

Galibin littattafan Kirsimeti na Turai da Amurka sukan nuna Baba Kirsimeti a matsayin dattijo mai fara'a, wanda ba ya gajiya. A littafin The Polar Express na Chris Van Allsburg (1985), alal misali, yaro ne ya hau jirgin ƙasa zuwa ƙuryar arewacin duniya, ya tarar da shi cikin kwarjini tamkar sarki a fadarsa.

Briggs bai bi wannan turba ba. Nasa tsohon ma'aikaci ne da ke zaune shi kaɗai, sai kare da kyanwa da barewarsa biyu masu jan keke. Yana farkawa daga mafarkin shan hantsi a bakin teku, ya tarar ranar aiki ta zo. Daga nan sai mita: yana ƙorafin sanyi, da dusar ƙanƙara, da baƙin bututun hayaƙi da yake bi ya shiga gidaje. Duk da haka bai fasa rabon kyautar ba har asuba. Jigon littafin ke nan, wato murnar da yara ke tashi da ita gumin wani ce.

Zubi da Salo

An tsara labarin cikin ƙananan akwatunan hoto bi da bi, kalmomi kaɗan ne, kuma kusan duk daga bakin tsohon suke fitowa. Mai zanen ya fi ba ƙananan abubuwa muhimmanci: butar shayi, da guzurin da ya ƙunsa, da banɗakin da ke bayan gida. Mahaifin Briggs mai raba madara gida-gida ne a birnin Landan, shi ya sa da gari ya kusa wayewa muka ga tsohon ya haɗu da mai madara a kan titi. Ma'aikata biyu ne suka gamu yayin da sauran jama'a ke barci, kuma wannan ne hoto mafi ma'ana a littafin.

Rauni

Littafin bai taɓo haihuwar Almasihu ba, alhali ita ce tushen bikin, don haka iyayen da ke neman darasin addini ba za su same shi a nan ba. Haka kuma wani sashe na barkwancin ya fi dacewa da babba, domin sai wanda ya taɓa yin sammakon aiki ne zai ji zafin mitar.

Kammalawa

Ƙarfin littafin ya samo asali ne daga yadda Briggs ya zana gidansu da unguwarsu. A nan ne darasi yake ga marubutanmu. Yaron da ke jin Hausa a Wusasa ko Kafancan ko Jos yana yin Kirsimeti ne cikin hazon hunturu, da sabon ɗinki, da shinkafa da naman da ake aikensa ya kai wa maƙwabta. Fassara masa dusar ƙanƙara ba za ta biya buƙata ba. Wanda zai yi koyi da Briggs sai ya zana telan da ke kwana kan keke a daren 24 ga Disamba, yana mita, amma kayan yara su fito kafin a tafi majami'a.